Hannun Hagu na Malam Sahabi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsugune a ƙofar shagona a Jega Magaji ina dama fenti, sai ga kiran Luba, wadda muka yi aji ɗaya da ita. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Bello, Malam Sahabi ya rasu. Bayan asuba, ga gidanai na Karaye."

Na ce mata wane Malam Sahabin, alhali guda ɗaya muka sani.

Gwangwanin fentin yana nan a buɗe inda na bar shi. Yanzu na dawo daga jana'iza na tarar ya bushe.

Hoton da na saka a sama ba kuskure na yi ba. Ba ni da hoton fuskarsa, kuma ban san wanda yake da shi ba. Malam ba ya son hoto. Da an ɗaga waya sai ya tuna yana da uzuri a ofis. Abin da kuke gani zanen hannunsa ne na hagu, ni na yi shi da fensir wata biyu da suka wuce.

Don Allah kafin ku rubuta min "ma sha Allah, gwani", ku daure ku karanta har ƙasa. Zanen nan ƙarya ne, kuma tun safe shi yake cin raina.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sahabi shi ne yake karɓar sabbin ɗalibai a sashen zane na makarantarmu a Aliero. Ko gini za ka karanta, ko tsara sutura, ko aikin fosta da allon shago irin nawa, sai ka fara bi ta hannunsa. Manyan malamai ba sa son wannan ajin, suna ganin aikin yara ne. Shi kuwa shekara da shekaru yana riƙe da shi, bai taɓa neman a canza masa ba.

Ranar farko ya shigo da tsohon gwangwanin madara, ya bi layi yana miƙa wa kowa.

"Duk mai kilina shi aje ta nan. Ku amsa ranad da kunka gama."

Haka muka zuba abin goge fensir ɗinmu a ciki muna ƙunƙuni. Ya ce wanda yake da abin gogewa a aljihu ba ya tsayawa ya duba, don ya san akwai gyara a gaba.

Sati biyu muka yi muna jan layi. Layi kawai. A tsaye, a kwance, a karkace, shafi bayan shafi, ba rula. Daga nan da'ira, ita ma da kafaɗa za ka yi ta, ba da wuyan hannu ba. In ya ga kana murza yatsu sai ya zo ta bayanka ya ɗaga maka gwiwar hannu ya wuce.

Ni kuwa a lokacin kaina ya yi girma. Tun ina sakandare nake zana wa direbobi dawisu da furanni a jikin mota a tasha, har ana kirana da "atis". Ina ganin na wuce jan layi.

Sati na uku ya shigo da buhu a kafaɗa. Ya kwance bakinsa, sai ga albasa tana gangarowa kan tebur.

Jama'a, ni ɗan Jiga Birni ne. A cikin albasa aka haife ni. Na dasa ta, na yi mata ban ruwa, na cire ta, na ɗauke ta a ka har wuyana ya ƙage. Dalilin da ya sa na dage sai na yi karatu ke nan, in huta da warinta. An gudu ba a tsira ba.

Ya ba kowa guda ɗaya. Ya ce wannan ita ce abokiyar zamanka har ƙarshen zango. Ka rubuta sunanka a ƙyalle ka ɗaura mata, ka ajiye ta a ɗakinka, kullum da safe ka zana ta sau ɗaya, ka sa kwanan wata. Ranar Litinin a kawo littafi, a kawo albasa.

Na yi dariya a raina. Ni za a koya wa albasa?

Abin da na riƙa yi shi ne, ranar Lahadi da yamma in zauna in zana guda bakwai a zama ɗaya, in jera musu kwanan wata. Ita albasar tana can ƙarƙashin gado, ko fito da ita ba na yi. Kuma wallahi zanen yana kyau, har abokai suna aron littafina su gani.

Sati huɗu ina haka. A na biyar Malam ya buɗe littafina a gaban aji, yana juya shafi a hankali. Ya kai ƙarshe ya sake dawowa farko. Sannan ya miƙo hannu.

"Ɗan Jiga, kawo albasakka."

Na ciro ta daga jaka. Ni kaina sai a lokacin na kalle ta. Ta yi tsiro kore mai tsawon yatsa, gefe ɗaya ya lotsa, ɓawon ya saki. Ya ajiye ta kusa da zanen jiya, wanda yake nan dunƙulalle sumul kamar ranar da aka cire ta daga gona.

"Ikon Allah," ya ce. "Ku zo ku ga albasad da ba ta tsuhwa."

Aji ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya rufe littafin ya miƙo min, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ka san albasa, ban musa ba. Shi as sa ba ka ganin ta. Zana abin da kag gani, ba abin da kas sani ba."

Duk wanda ya zauna a ajinsa ya ji wannan maganar fiye da sau ɗari. Har kwaikwayonsa muke yi da ita a wajen mai shayi.

Na yi fushi ranar, ba zan ɓoye ba. Kwana uku ban gaishe shi ba. A na huɗu ya tare ni a bakin aji ya miƙo min sabuwar albasa da fensir biyu da ya fiƙe da kansa. Ya ce mu sake daga farko, shi ba ya sauri.

Fiƙe fensir ma aikinsa ne. Yana da reza a aljihun gaba, nannaɗe a takarda. Kafin a shiga aji zai zauna a kan benci ya fiƙe na duk wanda ya miƙo, baki dogo siriri, ba ya karya ko ɗaya. In ya lura naka ya ƙare har ba ya riƙuwa, wanda zai dawo maka da shi sabo ne, kuma ba zai kalle ka ba balle ka yi godiya.

A hutun farko Babana ya ce in bar karatun. A ganinsa an tura ni koyon ilimi na koma wasan yara, ga gona tana neman hannu. Ban gaya wa Malam ba, Luba ce ta kai masa. Sai ga shi ranar Asabar a kan tsohon mashin ɗinsa har Jiga Birni.

Bai yi wa Baba wa'azi ba. Bayan gaisuwa ya nemi tabarma ya zauna a gaban rudun da muke ajiye albasa, ya zana shi, Baba yana tsaye yana kallo. Da ya gama ya miƙa masa takardar.

Baba ya duba ya ce zanen ya karkace.

Malam ya ce, "Alhaji, ba zanen na ba. Duba ƙahwar gabas."

Baba ya zagaya ya duba. Gara ta cinye ƙafar daga ƙasa, rudun ya kwanta gefe, saura kaɗan ya zubar da albasar shekara. Kullum ta gabansa yake wucewa zuwa masallaci bai gani ba. Sai ya sa aka kawo wa baƙo fura. Da hutu ya ƙare shi ya raka ni bakin titi da kansa.

Jarabawar ƙarshen zango ita ce hannun Malam. Ba ya sa mu zana fuskar mutum, ya san akwai iyayen da ba za su so ba, shi ma kansa bai sake da abin ba. Sai ya zauna a tsakiyar aji ya ɗora hannunsa na hagu a kan tebur, na dama yana jan carbi, mu kewaye shi. Awa biyu ba ya motsi. Ba kilina, ba ɗaga kai a tambayi na kusa.

Na san hannun nan kamar nawa. Dogayen yatsu marasa nama, jijiyoyi a fili, tabon reza a babban yatsa, da zoben azurfa mai jan dutse wanda ya yi masa yawa har yana juyawa. Ni na fi kowa maki a shekararmu. Ya rubuta a ƙasan takardar, "Yau ka duba." Tana nan a ajiye a akwatina.

Shekara tara ke nan da gamawata. Na buɗe shago, aiki ya karɓe ni, yawancinsa ma yanzu a kwamfuta nake yi. Muna gaisawa da Malam a waya, da Sallah nakan leƙa.

Bana sai ya fara kirana a kai a kai. Sau uku yana cewa in na samu sarari in zo Karaye, yana son ganina. Ina cewa to, in sha Allah. Sai da aka ba ni aikin auna allon wani shago a Maiyama na ce bari in biya, tunda hanya ta kai ni.

Na same shi a zaure bayan la'asar, a kan tabarma, ya jingina da bango. Ya rufa da mayafi duk da zafin da ake yi. Na tsokane shi na ce Malam an fara tsufa. Ya ce ai shi ba albasata ba ne.

Matarsa, Inna Hassi, ta aiko da ruwa da fura. Muka yi hira, rabin hankalina yana kan waya don mai shagon yana ta kira.

Can ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin matashi ya turo min. Zanen hannu ne, na wata sabuwar ɗaliba daga jarabawar zangon da ya wuce. Layin yana rawa, an danna fensir har ya kusa huda takardar. Yatsun gajeru, masu kauri, bayan hannun ya tashi, ba jijiya ko ɗaya.

Na yi dariya. Allah Ya yafe min, na yi dariya sosai. Na ce, "Malam, wanga hannu na ko saiwar rogo? Yaran yanzu sai a hankali."

Ya ce, "Ita tac ci makin da yaf fi na kowa."

Na ɗauka wasa yake yi.

Sai ya fito da hannunsa na hagu daga cikin mayafi ya ɗora a kan matashin. Ya tura min fensir da reza da ƙafarsa.

"Hiƙe da kanka. In ga ko hannunka bai mutu ba ga kwamfuta."

Tun da na san Malam, bai taɓa ba wani rezarsa ba. Wannan ma ban tsaya na yi tunani a kai ba.

Na fiƙe, na ɗora takarda a gwiwa, na fara. Minti goma ban kai ba. Hannuna yana gudu, ina jin daɗin kaina, ina so ya ga ɗalibinsa ya zama gwani. Na yi inuwa, na fito da jijiyoyi, na sa wa dutsen zoben ɗan haske. Na miƙa masa ina murmushi.

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya fi ƙarfin lokacin da na ɗauka ina zanawa.

"Ya yi kyau," ya ce. "Ɗan Jiga, ina kag ga zobe?"

Na kalli hannun. Babu zobe. Sai wani farin zagaye a gindin yatsan inda yake zama.

Nan ne ya kamata in ajiye komai. Nan ne ya kamata in kama hannun nan in duba shi, in ce Malam me ya same ka. Wayata ta sake ƙara. Na yi dariyar kunya na ce sabo ne, Malam, hannu ya riga ido.

"Haka na," ya ce. "Sabo na."

Ya miƙo min takardar ya ce in tafi da ita. Ya mayar da hannunsa cikin mayafi. Da na tashi ya ce sabbin ɗalibai za su shigo, yana so in riƙa zuwa ranar Litinin in zauna da shi a aji, ko don fiƙe fensir. Na ce sai bayan na rage aikin da ke gabana. Ya ce Allah Shi kai mu.

Bai raka ni ƙofa ba, shi da yake raka ni har wajen mashin. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Yau da na isa Karaye na tarar an riga an yi masa sutura. Na tsaya a sahu, na ɗauki makara, na zuba ƙasa. Duk tsawon lokacin idona yana gefen hagu na likkafanin. Ba abin da ake gani sai farin ƙyalle.

Bayan an dawo na shiga yi wa Inna Hassi gaisuwa. Tana zaune cikin mata, ta gane muryata ta sa aka matsa min. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Na ce, Inna, ban san ba shi da lafiya ba.

Ta ce ciwon ƙoda ne, tun bara. Jikinsa yana kumbura yana saɓewa. Zoben ma sai da aka kira maƙeri ya yanke shi, don ya nutse a yatsan. Tun watan azumi ba ya iya riƙe reza, ita take fiƙe masa fensiran ɗalibai a gida ya tafi da su a aljihu, kada a gane.

Na ce me ya sa ba a gaya min ba.

Ta ce, "Na ce mai shi hwaɗa maka, ranad da kaz zo. Yac ce a'a. Yac ce, in Ɗan Jiga yag gani, shi tambaya. In bai gani ba, a bar shi, kar a ɗora mai nauyi."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Har ta ƙara da cewa yana yawan ambatona, yana cewa a duk ɗalibansa ba mai hannuna.

Hannu ya ce. Bai ce ido ba.

Da na dawo gida na ciro takardar na kai ta bakin taga. Ku ƙara girman hoton ku duba wajen gaɓar yatsan tsakiya. Akwai wani ɗan layi da ya fita waje, ya yi faɗi, sannan ya tsaya. Nan fensirin ya fara bin kumburin. Na tuna lokacin. Na ji layin yana fita daga inda na saba, sai na ɗaga hannu na dawo da shi ciki, na rufe wurin da inuwa.

Ke nan idona ya gani. Ni ne na ƙi.

Da ban gani ba sam, da na ce ƙaddara ce in yi shiru. Na san ba ni zan hana ajali ba, ba kuma ni ne likita ba. Amma mutumin nan ya kira ni sau uku. Ya rasa yadda zai faɗa da baki, sai ya faɗa min ta hanyar da ya koya min da kansa, ya ɗora a gabana a kan matashi. Litinin takwas suka wuce tsakanin ranar da yau. Ko ɗaya ban je ba.

Ɗazu na ɗauki sabuwar takarda na ce bari in zana hannun yadda yake a ranar, ko na samu sauƙi. Na fiƙe fensir na zauna. Na ja layi biyu na tsaya. Duk abin da zan sa a takardar yanzu daga ka zai fito, abin da na sani ne. Abin da za a duba yana Karaye a ƙarƙashin ƙasa.

Ina da roƙo guda biyu.

Na farko ga ɗalibar da ta yi wancan zanen. Ban san sunanki ba, ban ma tsaya na karanta shi a takardar ba, dariya ta hana ni. In wannan rubutu ya kai gare ki, ko ga wanda ya san ki, ki yafe min. Inna Hassi ta ce takardarki tana nan ƙarƙashin matashinsa, za a mayar miki. Ina roƙon ki bar ni in ɗauki hotonta kafin nan. Ke kika ga Malam. Ni da na shekara goma sha uku da saninsa, tsohon hannunsa na je na gaisar na dawo.

Na biyu ga 'yan ajinmu da duk wanda ya taɓa zuba kilinarsa a gwangwanin madarar nan. Ranar Litinin sabbin ɗalibai za su shiga aji ba kowa a kan benci. Na yi magana da shugaban sashen, zan je da reza da buhun albasa daga gonar Baba. Ban iya koyarwa ba, kuma bayan abin da na faɗa muku ban san da wane ido zan ce wa yaro ya duba ba. Wanda yake kusa ya zo ya taya ni.

Wanda kuma Allah Ya bar masa iyaye ko malami a raye, in ka je gaishe su ka kife wayar. Ka karɓi hannun da aka miƙo maka, ka dube shi.

Ya Allah, ga bawanKa Sahabi ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ba shi littafinsa a hannun dama. Ka ba Inna Hassi da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Ni kuma Ka yafe min abin da na gani na kau da kai.

Duk wanda ya karanta har nan, kada ya yaba zanen. Ya yi wa mai hannun addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Allah Ya ba ku lada.